Rufin Mota: Ya Ƙi Ne Ko Ya Kasa?

Akwai motocin da ake danna maɓalli ɗaya rufinsu ya naɗe kansa ya shige but, mota ta koma fili, iska na kaɗa direba. Ba su da yawa a titunanmu. Mutanen ƙasashen sanyi aka ƙera wa su, inda fitowar rana abin murna ne, mu kuwa da rana ta yi mana yawa inuwa muke nema. Duk da haka ba a rasa su cikin 'yan Beljiyam da ke shigowa ta Kwatano da Legas: Peugeot 206 CC, Mercedes SLK, Toyota Solara, jefi-jefi BMW. Kuma duk irin wannan mota, in dai ta kwana biyu, akwai ranar da za ta kunyata mai ita. Ya danna maɓalli, rufi ya ɗago ya kai rabi ya tsaya cak, murfin but ya wangame, ba gaba ba baya, ga hadari ya haɗo daga gabas.

Ba kowane bakanike ne ke iya fitar da shi kunya ba. Aikin ya faɗo ne a kan iyakar sana'a uku. Akwai wayarin, akwai haidirolik, akwai kuma ƙarafa masu gaɓoɓi da dole su tafi tare, hagu da dama, ba tare da ɗaya ya riga ɗaya ba. Mai wayarin zai ce matsalar mai ce, mai inji ya ce ta wuta ce, mai fanel bita ya ɗauko guduma. Wanda ya iya kuwa, da wuya ka ga sufana a hannunsa cikin mintuna goman farko. Tambaya ɗaya yake son ya warware kafin komai: rufin nan ƙi ya yi, ko kasawa ya yi?

Bambancin yana da girma. Rufin da ya kasa, an ba shi umarni, ya yunƙura, ƙarfi bai kai ba: ko wuta ta yi ƙasa, ko mai ya tsiyaye, ko wani ƙarfe ya lanƙwashe. Wanda ya ƙi kuwa lafiyarsa ƙalau. Kwamfutar da ke kula da shi ce ta hana shi motsi, domin akwai sharaɗin da ba ta ga an cika ba. Da yawa daga rufin da ake kawowa gareji a ce ya mutu, na biyun ne, kuma maganinsu bai kai kuɗin man da aka ƙona aka kawo su ba. Wanda bai san wannan ba sai ya tura mutum kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Fanteka neman famfon da babu abin da ya sami na jikin motar.

Dalilin ƙin yana cikin yadda rufin ke aiki. Mu ɗauki SLK ta farko, wadda Mercedes ya fitar a 1996, motar da ta dawo da yayin rufin ƙarfe mai naɗewa. Direba na riƙe da maɓalli, gilasan gefe su sauka. Ƙugiyoyin da ke kame rufi a saman gilashin gaba su saki. Murfin but ya buɗe ta gaba, akasin yadda aka saba buɗe shi. Rufi ya karye gida biyu ya kwanta a ciki. Murfi ya dawo ya kulle. Duka cikin daƙiƙa 25 ko kusa da haka, da famfo ɗaya da silinda biyar. Sai dai babu matakin da ke farawa sai an tabbatar na gabansa ya ƙare. A kowace gaɓa mai muhimmanci akwai ɗan makunni, wani bai kai kan ɗan yatsa ba, da ƙarfe ke dannawa idan ya kai maƙura. Shi ne mai shaida. Muddin bai ce murfin but ya gama buɗewa ba, kwamfuta ba za ta saki rufi ba, ko da kuwa idonka na ganin murfin a buɗe hanhai. Kuma tana da gaskiya, domin in ta saki rufi murfi bai kauce ba, gilashin baya ne zai tarwatse.

Wannan tsari ya girmi kwamfuta. Wani likitan haƙori a Faransa, Georges Paulin, shi ya fito da dabarar rufin ƙarfe mai shigewa but, Peugeot ya sa ta a motocinsa masu suna Éclipse a tsakiyar shekarun 1930. A Amurka, Plymouth ya fara sayar da rufin tamfol mai buɗe kansa a 1939, da ƙarfin zuƙar iskar inji. Amma wadda kanikawan can ba su manta da ita ba ita ce Ford Skyliner ta 1957 zuwa 1959. Ƙananan injinan lantarki, waɗanda kanikawa ke kira mota, guda bakwai ne (shida a ta 1959) a cikin rufinta da but ɗinta, da makunnai goma, da waya mai tsawon ƙafa 610, babu ko ƙwayar kwamfuta. Kowane makunni, idan aka danne shi, yana yanke wutar matakinsa ya miƙa ta ga na gaba. Masu gyaran Skyliner sun koyi abin da har yau shi ne jarin sana'ar: inda rufi ya tsaya shi ke nuna inda za a duba. Ko dai matakin da ya kamata ya biyo baya ne ba shi da ƙarfi, ko kuwa wanda ya wuce ne bai kai rahoton gamawarsa ba.

Shi ya sa gwani kan fara da hira. “Alhaji, ranar da abin ya fara, an taɓa batir? An kai ta wanki? Me aka saka a but?” Mai mota yakan ƙosa, yana ganin ana ɓata masa lokaci, alhali rabin gyaran ke nan. A SLK da 206 CC akwai wani labule a cikin but da ake ja ya raba wurin kaya da makwancin rufi. Idan ba a ja shi ya zauna a mazauninsa ba, ko wata jaka ta tokare shi ya ɗago, rufi ba zai ko motsa ba. A Porsche Boxster ta farko sai an ja birkin hannu, kuma motar ba ta san an ja ba sai ta bakin ɗan makunnin da ke kunna jar fitilarsa a gaban direba. Saboda haka gwani zai ja birki ya kalli fitilar: in ba ta kama ba, ya gano ɓarawon tun bai tashi daga kujera ba. Motoci da yawa kuma, idan aka cire batir, gilasansu kan manta iyakarsu ta sama da ta ƙasa, rufi kuwa ba ya tafiya da gilashin da ba a san inda yake ba. A sauke shi ƙasa, a ɗaga shi sama, a riƙe maɓalli 'yan daƙiƙu, shi ke nan. Akwai sharaɗin gudu, domin mafi yawansu ba sa yarda sai mota na tsaye ko tana rarrafe. Akwai na zafi: idan yara sun samu maɓalli sun yi ta buɗewa da rufewa, motar famfo kan ɗau zafi, tsarin ya kulle kansa har ta huce. Wannan babu abin da ke gyara shi sai haƙuri.

Idan sharuɗɗa sun cika, sai ya kashe rediyo, ya ce kowa ya yi shiru, ya sa yaro ya danna maɓalli, shi kuma ya kasa kunne a bayan mota. Nan ne nake ganin ƙwarewar ta fi fitowa, domin kowane sauti hanya yake tsagawa. Shiru ƙurmus na nufin umarni bai fita ba: fiyus, maɓallin kansa, ko wani mai shaidar da ya yi gum. Ƙas ɗin rele ba tare da kukan famfo ba na nufin kwamfuta ta yarda, wuta ce ba ta isa ba, ko motar famfon ta mutu. Famfo na kuka da sauri da murya siririya, rufi bai motsa ba, to banza yake juyawa, babu mai ko babu matsi. Famfo na gurnani, muryarsa na dusashewa, fitilun mota na raguwa, to yana turawa da iya ƙarfinsa, wani abu ne ya tokare. Sauti huɗu, hanyoyi huɗu, kuma kowace ya kama ta sallame shi daga sauran ukun.

A ɓangaren wuta, batir ake fara tuhuma. Lafiyayyen batir da ya huta yana nuna bolt 12.6 ko kusa, kuma wanda ya sauka zuwa 12 ya riga ya gaji, ko da yana tada inji. Motar famfo na cin wuta sosai, shi ya sa fiyus ɗinta kan kai amfiya 30 ko 40, shi ya sa kuma ake gwada rufi inji na kunne. Amma ga tarkon da ke kama rabin-gwani. Ya ɗora mita a kan wayar famfo, ya ga 12, ya ce wuta ta iso, famfo ne ya lalace. Mita kuwa ba ta cin wutar kirki. Wayar da ta ruɓe saura silin tagulla ɗaya tak za ta nuna mata 12 cif. Sai famfo ya nemi abincinsa sannan wutar ta zube. Saboda haka gwani ba ya aunawa sai ana danne da maɓalli, kaya na kan waya. Kuma yana auna ɓangarorin biyu, mai kawo wuta da mai mayar da ita jikin bodi, domin noti ɗaya mai tsatsa a wurin da waya ta kama bodi ya isa ya kashe tsarin duka. Rele kuwa ba ya ɓata lokaci a kansa, ya zare wani irinsa sak daga akwatin fiyus ya musanya, in rufi ya tashi magana ta ƙare.

Mafi wahala su ne wayoyin da ke bin gaɓoɓin rufi. Duk buɗewa da rufewa sai sun tanƙwara a wuri ɗaya, shekara da shekaru, har tagulla ta karye a ciki alhali robar waje ba ta nuna komai. Irin wannan ne ke sa rufi ya yi aiki yau, gobe ya ƙi, jibi ya tsaya a daidai kusurwa ɗaya kamar an ja masa layi. Gwani yana son jin cewa kullum a wuri ɗaya yake tsayawa, domin ruwa ba ya tsami banza. Zai kai rufin wannan kusurwar, ya tokare shi, ya bi damin wayar da yatsa yana lanƙwasawa a hankali, idonsa na kan mita. Inda lamba ta yi tsalle, nan zai tsaga.

A motocin baya-bayan nan na'urar bincike ta rage wahala, musamman inda aka maye makunnai da sensa masu jin maganaɗisu, waɗanda ba su da ƙas ɗin da kunne zai ji. Amma amfaninta ba a lambar matsalar da take fitarwa yake ba. Lambar cewa take yi kwamfuta ba ta ji daga sensa kaza ba. Ba ta ce sensar ta mutu ba. Wataƙila wayarta ce, wataƙila fulog ne ya sha ruwa, wataƙila ƙarfen da zai matso kusa da ita ne ya goce da kaurin tsinken ashana. Abin da gwani ke buɗewa shi ne shafin da ke nuna abin da kowane mai shaida ke faɗa a daidai lokacin, ya jera shi da abin da idonsa ke gani. Rufi a kulle, allo ya ce a buɗe: ga maƙaryacin nan. Wani lokaci ma biyu ne za su yi karo, ɗaya ya ce murfi na sama, ɗaya ya ce yana ƙasa, kwamfuta ta rasa wa za ta gaskata, ta zaɓi zama wuri ɗaya.

Haidirolik ɗin kansa ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa tsayawa kusa da tifa tana juye yashi. Dabara ɗaya ce: famfo ya matsa mai, mai ya bi tiyo, ya tura sanda cikin silinda. Na rufi dai ƙanana ne, tiyonsu siriri, amma matsin da ke ciki yakan haura bar 100, alhali tayar motar ba ta wuce biyu da ɗoriya. Tsohuwar Mustang silinda biyu gare ta, Mercedes SL ta 1989 kuwa nata sun haura goma, kuma kowace da robobinta da ke tsufa. Zafin ƙasarmu ba ya raga musu, ƙurar hunturu kuma ta manne wa sanda mai danshin mai ta riƙa cin roba a duk shiga da fita.

Yoyo iri biyu ne. Na waje yana barin shaida, sai dai ba a inda ake zato ba. Mai na iya taruwa a ƙarƙashin kafet ɗin but, ko a ramin safaya. A SLK silindar da ke kulle gaba tana cikin rufi ne, saman kan direba, don haka tabon mai a silin, ko ɗigo a kafaɗar riga, ya isa bayani. Na ciki shi ne mai wayo. Robar da ke kan fistin ta cinye, mai na zagayawa daga wannan gefe zuwa wancan a cikin silindar, ko ɗigo bai fita waje ba. Tanki a cike, famfo na kuka, rufi na tashi kamar mara lafiya ya kai inda nauyi ya fi yawa ya sare. A nan gwani zai riƙa ware silinda ɗaya bayan ɗaya, ya toshe tiyonta, ya saurari famfo. Idan muryarsa ta yi nauyi, matsi ya dawo, to wadda aka ware ita ce mai satar ƙarfi. Rufi mai tafiya da fizga, da mai mai kumfa a tanki, alamar iska ce ta shiga, kuma yawanci a cika mai a buɗe a rufe sau da dama take fita da kanta.

Maganar mai kuwa, a nan ake yin ɓarnar da ta fi kowace. Tanki ya yi ƙasa, wani ya waiga ya ga robar man birki, ya tuttula. Robobin waɗannan silindu ba don shi aka yi su ba. Za su kumbura su yi laushi, matsalar silinda ɗaya ta zama ta duka, ga shi in ya ɗiga a fenti ya ci shi. Gwani yana zuba wanda kamfani ya rubuta, kuma yana duba ma'auni rufi na matsayin da littafin motar ya ce, domin man da ke tanki yana hawa da sauka gwargwadon inda sandunan suke. Kuma ba ya cikawa ya sallami mutum. Wannan mai ba ƙonewa yake ba, in ya ragu to wani wuri ya bi.

Wasu motocin an san inda ciwonsu yake. BMW Z4 ta farko, ta 2002, famfonta na zaune ne a wani lungu can ƙasa kusa da magudanar ruwan rufi. Ganye da ƙasa su toshe magudana, ruwa ya taru, famfo ya nutse har tsatsa ta cinye shi. Sa sabo ba tare da an buɗe magudanar ba, sayen wata damina ɗaya ne kawai, shi ya sa masu gyara da yawa ke ɗauke shi gaba ɗaya su mayar da shi cikin but. Rufin Boxster ta farko kuma ba shi da mai sam, motar lantarki ɗaya ce ke juya kebul biyu zuwa giyoyin hagu da dama. Idan kebul ɗaya ya zame, gefe ɗaya ya tafi ya bar ɗan'uwansa, rufi ya murɗe. Duk wanda ya ga rufi na karkacewa ya ci gaba da danna maɓalli, shi ya karya shi.

Don a raba gardama tsakanin ƙarfi da ƙarfe, akwai gwaji mai sauƙi. A saki matsin mai, mutum biyu su kama rufi, ɗaya a kowane gefe, su tafi da shi da hannu. Yana da nauyi, amma ya kamata ya tafi sumul. In ya cije a wani wuri, to ba famfo ba ne, gaɓa ce ta bushe, ko sanda ta lanƙwashe, ko wani ɗan noti ya faɗa makwancin rufi. Wannan hanyar ce kuma ake ceton motar da ta maƙale da rufi a sama. Kusan kowace tana da bawul ko sukuru a jikin famfo da ake sassautawa, da makullin da kamfani ya sako cikin kayan mota don kulle ƙugiyoyi da hannu, in dai masu ita na baya ba su yar da shi ba. Abin da gwani ba ya wasa da shi shi ne yatsun yaransa. Rufin da ya tsaya a rabi ba tsayayye ba ne. Wasu motocin da kansu suke sakin matsi bayan 'yan mintuna, ya sulalo ƙasa, gaɓoɓinsa kuma almakashi ne. Sai an tokare shi da katako kafin kowa ya zura hannu.

Akwai gyaran da ba na so, kuma ya yi yawa. Makunni ya lalace, sai a haɗe wayoyinsa biyu a naɗe da salatif, kwamfuta ta riƙa jin “an gama” har abada. Ko a ja wuta kai tsaye daga batir zuwa famfo. Rufi zai motsa a gaban mai mota, a karɓi kuɗi, a yi godiya. Gwani ma yakan haɗe wayar, amma na minti ɗaya, don ya tabbatar da zarginsa, hannunsa na kusa da maɓalli, sannan ya raba su ya nemo makunnin. Wanda ya bar ta a haɗe ya cire wa rufin abin da ke hana shi cin karo da murfin but, kuma gilashin bayan irin waɗannan motoci ba a kowace kasuwa ake samunsa ba.

Ko bayan an gano an gyara, da saura. Kafin ya kwance kowane noti na ƙugiya ko gaɓa, gwani ya riga ya zagaye mazauninsa da alama, domin gocewar milimita biyu ta isa ta hana makunni dannuwa ko ta bar kafar iska. Silindar da ta yi yoyo, in sandarta ba ta da ƙarzuwa, sau da yawa sabbin robobi kawai take so, amma zai faɗa wa mai mota gaskiya cewa sauran sa'o'inta ne, za su biyo baya. Zai wanke tsohon giris da ya cakuɗe da ƙura ya sa sabo kaɗan, ya shafa wa robobin bakin rufi man silikon, ya zura waya mai laushi cikin magudanai har ruwa ya fito ta ƙarƙashin mota. Sannan ya buɗe ya rufe sau biyar ko shida, yana kallon hagu da dama ko suna isa tare, yana sauraron ko muryar famfo ta canja. Daga nan ya sa yaro ya zauna a ciki, a rufe gilasai, a sakar wa motar ruwa ta sama, yaron na bin bakin gilashin gaba da kusurwoyin ƙofa da tafin hannu. In ya fito a bushe, a miƙa wa Alhaji makulli, tare da roƙon ya riƙa buɗe rufin ko da sau ɗaya a wata, ko da a cikin gida ne, kuma a daina ɗora buhun shinkafa a kan labulen but.